Wata Shida da Watan Shida

Har yau ban yafe wa mu'aƙƙibin kamfaninmu ba. Na san in aka kai maganar gaban alƙali ni za a ba rashin gaskiya, amma ni ban kai ƙara ba, kuma ba ni da niyyar kaiwa. Na riƙe abina a zuci shekara da shekaru, ban ga dalilin saki ba.

Mu'aƙƙib shi ne mutumin da kamfani ke ajiyewa don zirga-zirgar takardu. Shi ke kai fasfo ofishin jawazat, wato hukumar shige da fice, ya bi layi, ya karɓo iƙama, wato takardar izinin zama, ya sabunta wadda ta kusa mutuwa. Namu wani siriri ne mai fasasshiyar murya, kullum da asuwaki a gefen baki da jakar fata a hammata. Ɗan ƙanwar mudir ne, wato shugaban kamfanin, shi ya sa yake taku a ofis kamar da guminsa aka gina shi. Bai taɓa wahalar da kansa wajen koyon sunana ba. "Ya Muhandis" yake ce mini, yana jan kalmar ta yadda za ka ji kamar tambaya yake yi, wai da gaske wannan baƙin mutumin injiniya ne.

Injiniya ne ni kuwa, ko ya so ko ya ƙi. A lokacin, cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina aikin awon tituna a sababbin unguwannin da ake yankawa can gabas, wajen Nasim, ina zaune a wani bene a Malaz. Na yi shekara guda da 'yan watanni a Riyad. Matata ta iso wurina bayan doguwar wahala, a ƙarƙashin iƙamata take zaune, ni kuma ina ƙarƙashin kamfani, wanda shi ne kafilina. Haka tsarin yake, kowa da wanda yake rataye a wuyansa.

Ba ta daɗe da zuwa ba ta samu ciki, na fari. Da ya tsufa sai wasiƙa ta zo daga Zariya, daga mahaifiyarta wadda kowa ke kira Inna, cewa a turo yarinya goyon ciki. Na ce ina dalili? Ga asibitoci nan tsaf-tsaf, ga likita Bahaushe a hawan da ke ƙasa da namu. Matata ta yi kwana biyu tana kuka a kicin, tana cewa wa zai yi mata wanka, wa zai dama mata kunun kanwa, a garin da ko maƙwabciya ba ta leƙo ka. Na gaji na ce to. Na kai fasfonta wa mu'aƙƙib na ce a yi mata bizar fita da dawowa, ta wata shida. Na faɗa da Turanci, na faɗa da Larabcina na makarantar allo, na ɗaga masa yatsu shida.

A nan ya kamata in faɗi irin mutumin da nake a wancan lokaci. Akwai wani rami da baƙi ke yawan faɗawa a ƙasar: su ga kwanan wata a takarda su ɗauka na Bature ne, alhali na Hijira ne. Ni ne mai wa'azin wannan rami. Duk ranar Juma'a muna haɗuwa a gidan likitan nan mu ci tuwo da miyar kukar da aka yi tsarabarta daga gida, kuma duk sabon zuwa sai na zaunar da shi na karanta masa. Har dariya nake yi wa wani ma'aikacin jinya da aka taɓa cin sa tara saboda haka. Nakan ce ai mu da muka sauke Alƙur'ani kafin mu shiga boko ba a yi mana irin wannan. Likitan yakan ce, "Allah ya ja zamanin Shehin Malami," ni kuma sai in ji daɗi, ban gane ba'a yake yi mini ba.

Ranar da fasfo ya fito, cikin watan cika-ciki, watan ɗaya na Hijira, a baranda muka haɗu da mu'aƙƙib. Ya zaro shi daga jaka ya miƙo mini da hannu ɗaya yana kallon wani wuri, ya ce, "Shahar sitta, ya Muhandis." Na ji wata, na ji shida, na ce madalla. Na buɗe shafin, ga hatimi, ga kwanan wata an rubuta da biro a cikinsa. Idona ya ga sha tara, ya ga bakwai. Na ƙirga da yatsu daga watan ɗaya zuwa watan bakwai, wata shida cif. Watan bakwai kuwa Rajab ne, azumin tsofaffi. Ina da yaƙinin na faɗa da ƙarfi a gabansa, "Har Rajab ke nan," ya juya asuwakinsa zuwa ɗaya gefen baki ya wuce. Shi daga baya ya rantse bai ji ba.

Da na koma gida na yagi takarda na rubuta wa matata da manyan baƙaƙe: kada ki wuce sha tara ga watan azumin tsofaffi. Na ninke na sa mata a cikin fasfo. Ta ce ko za a ba matar likita ta ƙara dubawa, tun da ta fi mu daɗewa a garin. Na tambaye ta ko matar likita ce ta auna titunan Nasim. Ta ci gaba da shirya akwati.

Ta haihu lafiya a ƙarshen watan Mauludi, mace. A wayar likita aka sanar da ni, don mu ba mu da waya. Aka yi suna ba ni, aka yi arba'in ba ni. Hoto ɗaya aka aiko mini, an naɗe jaririyar a zani har ba a ganin komai sai hanci da goshi. Na jingina shi da rediyo a falo.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki muka yi waya. Su ma ba su da ita, gidan wani maƙwabcinsu ake zuwa a jira. Yayan matata ne ya fara magana. Malamin makaranta ne, mutum mai sanyin baki da jan gaisuwa, irin wanda kafin ya iso ga zance ka riga ka gaji. Ya ce Inna tana roƙon arziki, a bar mai jego ta ƙara ko da wata ɗaya da rabi, haihuwar fari ce, jikinta bai gama gasuwa ba. Sannan ya ba matata wayar.

"Malam, ni dai da ka bari na taho yanzu," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Na gaji da ruwan zafin nan. An riga an sa yarinyar nan a fasfona. Kuma hankalina bai kwanta da takardar nan ba."

"Ki yi wa Inna biyayya," na ce. "Akwai lokaci. Ni na karanta takardar, ba wani ya karanta mini ba. Ki taho farkon Rajab."

Na ajiye waya ina jin kaina surukin kirki, wanda ya yi kyauta da abin da yake da iko a kai.

Makon da za ta dawo na wanke gida da kaina, na sayi ɗan gadon jarirai na haɗa, na je kasuwar Aziziya na ciko bayan mota da kwalin tumatir da lemo da tuffa, abin da ya fi ƙarfin cikin mutum biyu. Ranar Alhamis jirginsu zai sauka da yamma. Wajen azahar matar likita ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ana nemana a waya daga Kano.

Yayanta ne. Wannan karon bai ja gaisuwa ba. Ya ce suna filin jirgi, an hana ta shiga. Ma'aikacin da ke duba takardu ya ce biza ta mutu tun sha tara ga watan jiya. Na ce wane irin watan jiya? Na ce ya koma ya gaya wa wannan jahilin kwanan Hijira ne ba na Bature ba. Ya ce ai da na Hijirar mutumin ya ƙirga. Na ce to bai iya ƙirga ba, ya nemi babbansu. Ya ce babban ne ma ya duba na biyu. Ina jin kukan jaririya a bayansa, karo na farko ke nan da na ji muryarta, sai layi ya yanke.

Wanda bai zauna a ƙasar ba ba zai gane nauyin abin ba. In bizar dawowa ta mutu mutum yana waje, iƙamarsa ta bi ta. Ba tara ake biya a wuce ba. Sai an koma farko, kafili ya rubuta takarda, a shigar da sabuwar buƙatar kawo iyali, a jira. Na san wannan sarai, ai ni ne mai wa'azi. Kuma Alhamis ce da rana, ofis ya rufe sai Asabar. Aka bar ni da kwana biyu, da gadon jarirai, da kwalayen tumatir, da zuciya tana tafasa ba wanda zan juye wa.

Na samu wanda zan juye wa. Ran Juma'a da hantsi na sa sabon kaset a rikoda, kamar yadda muka saba aika saƙo gida, na danna. Na fara da sallama, daga nan ban sake faɗin abin kirki ba. Na ce da an sako mini matata bayan arba'in kamar yadda kowace 'ya ke komawa ɗakinta, da duk wannan bai faru ba. Na ce an fifita tukunyar ruwan zafi a kan aure. Na ce mutanen da ko Kaduna ba su cika zuwa ba su ne za su tsara wa mazaunin ƙasar waje lokacin tafiya. Na ce yayanta ya tsaya a filin jirgi baki buɗe an yi masa wayo. Ban ambaci cewa ni na ba da izinin ƙarin kwanakin ba, ko sau ɗaya. Mafi muni, tun ranar da aka kai gaisuwar aurena ban taɓa ɗaga ido na kalli Inna ba, ban taɓa ce mata komai ba sai "ku". A kaset ɗin nan na ce mata "ke". Na ce, "Ke kika jawo." Na maimaita har sau uku, ina jin daɗin yadda kalmar ke fita.

Likita zai tafi hutu gida a jirgin yammacin ranar. Na sauka na ba shi kaset bayan an taso daga masallaci. Ashe ta taga ya jiyo ni ina ɗaukar kaset ɗin, don ban rage murya ba. Ya juya shi a hannu ya ce, "Injiniya, ka bari Asabar ta yi mana. Magana zarar bunu ce." Na ce in ba zai kai ba ya ba ni abina, akwai ɗalibai masu tafiya. Ya ɗaga kafaɗa ya jefa a jaka. Shi ma ina riƙe da shi a zuci. Mutumin da ya san abu ba daidai ba ne, me ya hana shi mantawa da kaset ɗin a jirgi?

Asabar tun kafin mai shayi ya kunna wuta ina ofis. Mu'aƙƙib ya shigo wajen ƙarfe tara yana jan takalmi. Ban bari ya zauna ba. A gaban akawu da masu zane da direbobi na tare shi, na ce na nemi wata shida, an rubuta wata shida, to wace tsiya ya ƙulla a jawazat da aka mayar da matata daga filin jirgi? Na kira shi jahili da Larabci, na kira shi abin da ya fi haka da Hausa. Na fizge jakar daga hammatarsa na buga a tebur.

Bai ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya buɗe durowa a hankali, ya zaro fayil ɗina, ya fito da kwafin shafin fasfon, ya shimfiɗa. Ya cire asuwaki daga baki ya nuna lambar da tsinin.

"Igra, ya Muhandis." Wai in karanta.

Na ce sha tara ga watan bakwai.

Ya dubi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya jawo farar takarda ya rubuta lambobi biyu manya-manya. Ta farko sak bakwai ɗin da aka koya mini a firamare. Ta biyu kamar bakin almakashi a buɗe yana kallon sama. Ya ɗora yatsa a ta farko ya ce, "Sitta." Ya ɗora a ta biyu ya ce, "Sab'a."

Shidar Larabawa ita ce mai kama da bakwai ɗin boko. Na san haka. Wallahi na sani, ina ganinta a jikin kuɗi da lambar mota kullum, in da an tsayar da ni an tambaye ni da na faɗa daidai. Amma ɗaya da tara kusan iri ɗaya suke a rubutun biyu, idona ya karanta sha tara da boko, ya zarce da boko, ya ga abin da yake son gani. Kuma a bakinsu "shahar sitta" ba wata shida ba ne, watan shida ne, don su da lamba suke kiran watanni. Wata biyar aka ba ta, saboda abin da ya rage a iƙamarta bai kai a ba ta shida ba. Ya ce ya faɗa mini a baranda. Ya faɗa ɗin, kalma biyu, yana kallon bango.

Da ya tsaya nan da wataƙila na haɗiye. Sai ya mayar da asuwaki baki ya ce, da murya mai laushi kamar yana tausaya mini, ashe ba na karanta Alƙur'ani? Ko lambar shafi ban taɓa dubawa ba? Direbobi suka fashe da dariya. Ina ne zan fara yi masa bayani cewa Alƙur'anin da na sauke warwara ne a cikin gafaka, ba lambar shafi ba lambar aya, da izu da sumuni muke sanin inda muke? Malaminmu ya koya mini kowane baƙi da kowane wasali, bai taɓa koya mini lamba ɗaya ba. Na tsaya a tsakiyar ofis ina zufa cikin sanyin na'ura. A lokacin nan likita ya riga ya sauka Kano da kaset a jakarsa.

Mudir ya kira ni bayan azahar. Ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya kyauta. Ya ce kamfani zai duba yiwuwar sabuwar takarda, amma in sani wanda na zaga a gaban jama'a shi ne mai kai ta. Na fita na sami mu'aƙƙib na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ma fi mushkila, bukra inshallah," wato ba komai, gobe in Allah ya so. Wannan goben ta ɗauki wata goma sha ɗaya. Yau a ce hoton bai yi ba, gobe a ce takardar aure sai an sake fassarawa, jibi a ce mudir ya yi tafiya bai sa hannu ba. Kullum da safe sai na je teburinsa na gaishe shi, na tambayi lafiyar iyalinsa, ni da ban san ranar ganin nawa ba. Na koyi yi masa murmushi. Ban taɓa tsanar wani mahaluki kamar yadda na tsane shi a watannin nan ba, kuma ya sani, yana jin daɗin sanin.

To, mutum zai ce ai sai ka aika kaset na biyu. Na sayi kaset ɗin. Sau biyu ina sa shi a rikoda, in yi sallama, in kashe. Abin da na rubuta musu a wasiƙa shi ne an samu matsala daga ofis, ana kan gyarawa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, da wannan na riƙa lallashin kaina.

Likita ya dawo bayan wata guda ya ba ni labarin da ban tambaye shi ba. Ya ce da kansa ya kai saƙon Zariya. Da aka ji kaset ne daga Saudiyya sai aka ɗauka gaisuwa ce da ban haƙuri, aka fito da rikoda tsakar gida, aka ƙure murya, ga matan maƙwabta sun shigo jajen fasa tafiya. Ya ce yana zaure yana jiyowa, ya rasa inda zai sa kansa. Yayanta ya tashi zai kashe, Inna ta ce a bari. Ta saurara har ƙarshe. Da ya ƙare ta ce a juya ɗaya gefen, ko akwai saura.

Na ce wa likita ai shi ya kai, shi ya ji kunya, ni ina ruwana. Daga ranar na daina sauka cin tuwon Juma'a.

Wasiƙun matata suka gajarce. Muna lafiya, yarinyar nan ta fara zama, ta fara rarrafe, ta yi haƙori biyu. Ba ta taɓa ambaton kaset ba, ba ta taɓa tambayar yaushe ba. Lokacin hutuna ya zo na ɗage shi, na ce dole in zauna in bi takardu. Gaskiyar ita ce ban san da wace fuska zan shiga zauren gidan nan ba. Na fi son zafin Riyad da gaisuwar mu'aƙƙib a kan in durƙusa a gaban tsohuwar da na ce wa "ke".

A ƙarshe biza ta fito, da wa'adin da za a shigo kafin ya cika. Mutum uku na ba suka karanta mini kwanan watan, har da limamin masallacin unguwa. Na aika da komai ta hannun wani ɗalibi, na rubuta ranar da kalmomi ba da lamba ba, na haɗa da tikiti. Aka buga mata biza a fasfo, yayanta ya aiko cewa an gama. Na sake wanke gida. Mako ya wuce, biyu, biyar, ba a sa ranar tafiya ba. Da ya rage kwana shida na aika a kira mini ita gidan maƙwabci, na tafi wurin buga wayar ƙasashen waje da ke Malaz, na bi layi na shiga ɗan akurkin.

Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Na ce me ake jira? Na ce ko an sake riƙe ta ne, wani sabon wankan aka ƙirƙiro?

"Ba wanda ya riƙe ni, Malam."

"To kin san ranar da takardar nan za ta mutu?"

"Na sani. Ran Talata. Na koyi lambobin yanzu."

Ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba.

"Takardar da ka rubuta da hannunka tana cikin fasfo ranar da aka mayar da mu. Mutumin filin jirgi ya ɗora ta kusa da hatimin ya nuna wa Yaya. Tun kafin kaset ɗinka ya iso kowa a gidan nan ya san inda kuskuren yake. Yaya ya so ya rubuto maka, Inna ta hana. Ta ce ba a kunyata suruki, a bar ka za ka faɗa da bakinka. Shekara guda ke nan tana cewa a ƙara maka lokaci."

Na ce yanzu ba lokacin tone-tone ba ne. Na ce ta san irin wulaƙancin da na sha kafin takardar nan ta fito? Ta san sau nawa na gaida wanda ban ƙi in ga bayansa ba? Na ce duk saboda ita da yarinyar na yi.

"Na sani, sannu," ta ce. "Akwatina a shirye yake tun da aka buga bizar. Ga Inna nan zaune kusa da ni, tare muka zo. In ba ta?"

Ta gilashin akurkin ina ganin masu jira, wani Bafilipine yana duba agogo, wani dattijo ya jingina da bango. A kunnena ina jin motsi, an matso da kujera, wata 'yar murya tana gwalan-gwalan, sannan numfashin tsohuwa dab da wayar, tana jira. Abin da ake so in faɗa bai fi kalma biyar ba. Na shirya su a baki. Sai na ji zuciyata tana cewa, wato ni za a titsiye, an haɗa baki an zaunar da ni kamar yaro, bayan duk abin da na sha.

Na ce, "Layin ba shi da kyau, ba na jin ku." Na ajiye.

Ran Talata akwai jirgi daga Kano. Na tashi aiki da wuri, na yi wanka, na sa farar riga, na tafi filin jirgi, ina gaya wa kaina ai mace ce, za ta huce ta taho. Na tsaya a bakin ƙofar fitowa tun la'asar. Fasinjoji suka fito da ɗaurin kayansu, masu tarba suka rungumi nasu suka watse. Duk macen da ta fito da goyo sai na matsa gaba. Na tsaya har aka daina fitowa, har wani ma'aikaci ya zo ya ja ƙofar ya tambaye ni wa nake jira. Na ce masa matata da 'yata. Ya tambayi kamannin yarinyar ko ya gan ta a ciki, na buɗe baki na ga ban sani ba.